Zuwa ga Dogo, a Tamanrasat

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya baƙunta? Wata bakwai ba ka ji ni ba, na sani. Saƙonninka na murya duk na saurare su, amsawa ce ta gagara. Kada ka ce rowar kiredi ce, Bafillace, rowa ai gadonku ce.

Tun damanar 2024 ban koma daidai ba. Ka ji tsohon masallacin Birni, nan Damagaram, ya faɗi a farkon Satumba. To a makon nan bangon ɗakin Inna ya zube cikin dare, ni na jawo ta daga ƙarƙashin azara. Ƙafa ce kawai ta karye, yanzu har biki take zuwa. Ni da ko ƙwarzane ban yi ba, ni barci ya ƙaurace wa. Ko babbar mota ce ta wuce, gabana ya yanke ya faɗi, in fito tsakar gida in yi ta kallon bango har kiran assalatu. A shago, can Kasuwar Dole, sai in ba mutum canji sau biyu. An yi rubutu na sha, an yi tofi, Kawu ya ce iska ce. Addu'a dai ban bari ba har gobe.

Uwar yara ce ta matsa na je likita. Aka auna jini lafiya, zuciya lafiya, aka tura ni wani ɗaki a baya. Na ja rawani na rufe fuska kada ɗan unguwa ya gan ni, gobe a ce na taɓu. Ina shiga sai ga yaro. Wallahi Dogo, autanku ya girme shi. Ɗalibi ne mai karatun halayyar ɗan Adam, sitaj yake yi. Bai ɓoye mini ba: ya ce koyo yake, malamarsa na duba aikinsa kowane mako, abin da na faɗa daga shi sai ita, sai fa in ya ga zan cutar da kaina ko wani. Magani ba ya rubutawa, na likita ne. In ban yarda ba, in jira babba. Na ce a raina, yau da kaina za a koyi aski.

Zaman farko ya fi ni gumi. Bik ya faɗi sau biyu, yana karanto tambayoyi daga kaye yana juya su daga Faransanci, wata Hausa kamar ta sanarwar rediyo. Ya ce yaya nake ji, na ce alhamdu lillahi. Sai ya yi shiru. Ka san mu, ba ma barin mutum da shiru. Kafin ka rufe baki an ce yi haƙuri, namiji ne kai, ai tsohuwa na da rai. Shi ko jira ya yi, ko dabara ce ko maganar ce ta ƙare masa, oho. Cikin shirun nan na faɗi abin da ban faɗa wa kowa ba: tun bazara Inna ta ce a yi wa bangon yaɓe, ta ba ni jaka 40, na zuba su a kaya na ce sai bayan Sallah. Na yi kuka gaban yaro, da furfurata.

Yanzu zama tara ke nan, kowace Laraba, minti 45. Ya koya mini jan numfashi a hankali in abin ya taso, ya sa ina rubuta lokacin da dalilinsa. Ɗakin da aka sake ginawa, da ko ƙofarsa ba na bi, muka fara da tsayuwar minti biyar, jiya har ƙailula na yi a ciki. Ran nan na tambaye shi ko in gaya wa Inna laifin nan na ci na, ya ce bai sani ba, zai tambayo malamarsa. Wane babba ne zai ce maka haka?

Af, Na-Birni ya ƙara aure. Shi da ke cin bashin shayi! Amaryar ƴar Mirya ce, an yi kiɗa har ƙarfe biyu, uwargida ta tafi Matamaye wai gaida gwaggo, yau kwana goma sha biyu. Pampo kuma kamar yadda ka bar shi, muna hannun ƴan garuwa.

Abin da ke damuna, sitaj ɗin yaron saura mako uku, ga hadari ya fara haɗowa ta gabas. Ya ce in na amince zai miƙa bayanina ga wanda zai gaje shi. Wato in sake zama gaban baƙuwar fuska in tono maganar jaka 40 daga tushe? Na ce ko lambarsa ya ba ni, ya ce ƙa'idarsu ta hana. Na ji haushi har na ƙi yi masa sallama, Laraba kuma na riga shi zuwa.

Maganar nan daga ni sai kai. In ta kai kunnen Kawu, na san bakin da ya zubar. Inna na gaishe ka, ta ce dabinon da ka yi alkawari ko a raƙumi aka ɗoro shi ya isa ya iso.

Naka,
ubangidanka Babarbare