Dushewar haske a kwalba ba hujja ba ce

Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili a jaridarku in yi tsokaci kan labarin da kuka kawo na sinadaran da ke ƙyalli don gano ƙarfe mai guba a ruwa. Shekara 11 ke nan ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje, kuma har gobe abin yana burge ni, amma an ɗan zuzuta shi.

Bari in faɗi wanda na fi sani. Ana narka sinadari mai ƙyalli, irin dangin fuloresin da Adolf von Baeyer ya fara haɗawa a 1871, a haska shi da fitilar UV, mai hasken da ido ba ya gani, sai ya yi kore shar. Idan akwai narkakken jan ƙarfe a ruwan, sai ya manne wa sinadarin, hasken ya dushe kamar an hure fitila. Shi kuwa salfaid, wani sinadari mai ɗauke da farar wuta, ba abin da yake so kamar jan ƙarfe. Da ya shigo sai ya fizge shi, haske ya dawo. Kwalba ɗaya ta yi aiki biyu ke nan. Kuma gano salfaid ba ƙaramin abu ba ne, domin iskarsa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai idan ta yi yawa hanci take fara kashewa, mutum ya daina jin wari alhali yana cikin halaka.

Inda gizo ke saƙar shi ne ruwan da ake gwajin. Masu bincike sukan yi amfani da tataccen ruwa, su zuba ƙarfe ɗaya tak. Ruwan rijiya ko na masana'anta kuwa taron kasuwa ne. Ni kaina na taɓa ganin haske ya mutu, na rubuta jan ƙarfe har ina murna, ashe baƙin ƙarfe ne ya kashe shi. Sai da babban inji ya kunyata ni washegari. Tsamin ruwa ma kaɗai yana rage ƙyallin fuloresin.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar dalma a ruwan sha maikirogiram 10 a lita, alhali maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. Ni dai ba zan yarda da idona a wannan ma'auni ba.

Don haka, ranka ya daɗe, idan wakilinku ya sake zantawa da mai irin wannan bincike, ya tambaye shi a wane ruwa ya gwada, kuma da wane inji ya tabbatar.

Naku,
Wani ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje