Kafin ka sake taɓa lambobin injin nan

Assalamu alaikum ɗana,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Mahaifiyarka tana gaishe ku.

Tun ranar Juma'a da muka yi waya maganarka take yi mini yawo a rai. Ka ce ka ga wani bidiyo da ya nuna yadda ake shiga ɓoyayyen sashen likita a injin CPAP ɗinka, wanda kake kwana da shi saboda ciwon ɗaukewar numfashi cikin barci, ka shiga, ka ɗaga ƙarfin iska daga 8 zuwa 12 saboda har yanzu kana tashi da gajiya. Na yi shiru a lokacin domin na ji muryar yara kusa da kai. Shi ya sa na zauna na rubuto maka.

Shekara bakwai ke nan ina kwana da irin wannan injin, kuma ban taɓa yarda cewa mutum ya rufe ido ya bar wa likita komai ba. Likitan da zai gan ka sau biyu a shekara ba shi ne yake kwana a gadonka ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne ka ƙara huɗu a dare guda, bisa gajiya kawai, ba ka duba abin da injin ya rubuta ba, ba ka kuma gaya wa kowa ba sai ni.

Ka fara sanin abin da lambar take nufi. Idan mai irin ciwonmu ya yi barci, naman maƙogwaronsa yana saki ya rufe hanyar iska, numfashi ya tsaya daƙiƙa 10 ko fiye, har sai ƙwaƙwalwa ta firgita shi ya ja iska da gurnani. Injin ba ya yi maka numfashi. Iska kawai yake turawa ta tokare hanyar kada ta rufe, kamar yadda wani likita a birnin Sidni na Ostareliya, Colin Sullivan, ya fara gwadawa a 1980. Ƙarfin iskar ana auna shi daga 4 zuwa 20, kuma abin da ake nema shi ne mafi ƙarancin da zai riƙe hanyar a buɗe. Duk abin da ya wuce haka wahala ce.

Ni na ɗanɗana wannan wahalar. A shekarata ta biyu na yi daidai abin da ka yi, na ɗaga nawa daga 9 zuwa 13. Sati biyu ina tashi da ciki a kumbure kamar ganga saboda iskar da nake haɗiya, takunkumin injin da nake sawa a fuska yana ɗagawa yana hura mini iska a ido, bakina a bushe ƙamas. Mahaifiyarka ta ce ta sake jin numfashina yana ɗaukewa, amma wannan karon shiru, babu munshari. Da na kai wa likita katin ajiyar injin, sai ya nuna mini cewa ɗaukewar numfashi iri biyu ce. Akwai wadda maƙogwaro ke toshewa, ita ce ƙarin iska yake magani. Akwai kuma wadda hanya take a buɗe amma ƙwaƙwalwa ta yi jinkirin ba da umarnin a ja numfashi, ita kuwa ƙarin iska ba ya yi mata komai, wani lokaci ma shi yake jawo ta. Ta biyun ce ta yawaita a takardata, kuma da hannuna na jawo ta.

Saboda haka ka koyi karanta injin kowace safiya, minti biyu ya isa. Zai nuna maka awa nawa ka yi da shi, da yawan iskar da ta zurare, da wata lamba mai suna AHI, wato sau nawa numfashinka ya tsaya ko ya ragu a kowace awa. Ƙasa da 5 shi ake so. Daga 5 zuwa 15 ciwo ne mai sauƙi, daga 15 zuwa 30 matsakaici, sama da 30 mai tsanani. Ka sami ɗan littafi ka ajiye a gefen gado, kana rubuta waɗannan ukun da yadda ka ji jikinka. Idan kana son zurfafawa, akwai manhajar kwamfuta ta kyauta mai suna OSCAR da take karanta katin ta nuna maka daren gaba ɗaya. Idan AHI ɗinka yana ƙasa da 5 amma kana tashi da gajiya, to matsalar tana wani wuri. Na san ka, sai ƙarfe ɗaya na dare kake ajiye waya. Wanda ya yi barcin awa huɗu babu injin da zai hutar da shi.

Mafi yawan abin da mutane ke ɗora wa ƙarfin iska, laifin takunkumi ne. Idan yana yoyo, iskar ba ta isa inda aka aike ta, lambobin da injin yake rubutawa ma ba abin dogaro ba ne. A injinan kamfanin ResMed, yoyon da ya wuce lita 24 a minti ya yi yawa. Kada ka ɗaure igiyoyin tamau, hakan yana murƙushe robar ya ƙara yoyon. Ka sa shi kana kwance, injin yana aiki, sannan ka gyara. Ka wanke fuska kafin ka kwanta, ka goge robar kullum, domin maiƙon fata yana sa ta zamewa. In kana buɗe baki cikin barci, na hanci kaɗai ba zai yi maka ba sai da maɗaurin haɓa, ko ka koma wanda ya rufe hanci da baki. Waɗannan ƙananan ramukan da iska take fita ta cikinsu kuma, kada ka kuskura ka toshe su da sunan gyaran yoyo. Ta nan gurɓatacciyar iskar da ka fitar take ficewa.

Akwai abubuwan da naka ne, ka juya su yadda ka ga dama. Ɗumi da laimar iska naka ne: idan hanci ya bushe ka ƙara, idan ruwa ya taru a tiyo ka rage. Tsarin da yake sa injin ya fara a hankali kafin ya kai cikakken ƙarfi shi ma naka ne. Amma ainihin ƙarfin iska, da iyakar sama da ta ƙasa in naka mai daidaita kansa ne, waɗannan sai da shawara. Ka mayar da shi 8 yau da dare. Ka tara bayanin sati biyu, ka aika wa likitanka, ka gaya masa gaskiyar abin da ka yi. Idan ya yarda a ƙara, a ƙara ɗaya, a jira sati ɗaya ko biyu, kuma kada a canza abu biyu lokaci guda, don a san wanne ne ya yi aiki.

Hunturu ya kusa. Ƙurar da muke sha a nan takan mayar da farar matatar injin ja cikin 'yan kwanaki, ni duk sati nake duba tawa. Ruwan tankin injin, mai sa wa iska laima, ka riƙa zubar da shi kowace safiya, ka sa tatacce na kantin magani in ka samu. Maganar wuta kuma, ka haɗa injin da batirin sola ko inbata, kuma in za ka kwana a kan batir ka kashe ɗumama ruwa, shi ne yake shanye caji. Ban tambaye ka inda ka sayi naka ba. In na hannu ne kuma na Philips, ka duba lambarsa, domin a watan Yuni na 2021 kamfanin ya janye miliyoyin injina saboda soson da ke ciki yana iya ruɓewa ya bi iska.

Wani abu da na daɗe ban gane ba: idan ka dawo daga sallar asuba za ka koma barci, ka mayar da takunkumin. Barcin mafarki ya fi yawa a ƙarshen dare, kuma a cikinsa ne maƙogwaro ya fi saki. Ka kwanta a gefenka na dama, rigingine tana ƙara toshewar. Maganin barci, da maganin tari mai kodin, da taramol, kada ka sha ko ɗaya sai likitan da ya san kana da wannan ciwon ya rubuta maka, domin suna danne numfashi.

Ka tuna ranar da na sauka daga titi a hanyar Zariya, kana zaune a baya kana ɗan sakandare. Na ce muku taya ce. Barci ne ya sace ni, ɗana, kuma shekaru suka wuce kafin a gano dalili, bayan hawan jini ya riga ya kama ni. Har yau idan na tuna ku uku ne a motar, sai gabana ya faɗi. Muddin kana jin gyangyaɗi da rana, kada ka yi doguwar tafiya kana tuƙi. Ka hau motar haya ko ka nemi wanda zai tuƙa ka.

Ka riƙa tambayar maiɗakinka abin da take ji da dare, domin ita ce take gani lokacin da kai ba ka san inda kake ba. Mahaifiyarka ce ta fara gano nawa, tun kafin wani likita. Ƙanwarka za ta zo wajenku ranar Laraba, na ba ta matatar injin guda shida da ɗan littafi irin nawa. Ka ɗauki hoton shafin farko idan ya cika ka turo mini, ina so in gani da idona.

Allah ya ba ka lafiya, ya yi muku albarka. Ka shafa mini kan yara.

Mahaifinka