Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Shekarar 2025

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe shugaba, iyayen ƙungiya, Alhazai da Hajiyoyi masu ƙananan masana'antu a Sharaɗa, Challawa, Bompai da Dakata. Ga yadda kwamitin gudanarwa ya tafiyar da amanar da kuka ɗora masa a bana.

Takardu ne suka ci mana rabin shekara. Tun watan Yulin 2023 da gwamnatin tarayya ta sanar da ware naira biliyan 75 na rancen masana'antu a kan ruwa kashi 9 cikin ɗari, da wata biliyan 75 ga ƙanana da matsakaitan sana'o'i, tambayar da ake yi mana a kowane taro ita ce, ina namu? Da muka zauna da mambobi ɗaya bayan ɗaya, sai muka tarar matsalar daga gida take. Mutum ne da injin matsar man gyaɗa, ma'aikata suna kwana a kan aiki, tirela tana lodi a ƙofa, amma cinikin duk asusun maigida yake shiga, rasit kuma yana ƙunshe a leda cikin durowa. Wani ko rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC bai yi ba, balle lambar haraji. Banki ba ya zuwa kallon tirela, lissafi yake nema a rubuce. Shi ya sa muka ɗauko akanta yana zama a ofishin ƙungiya duk Asabar, kuma waɗanda suka daure sun kammala rajista, sun buɗe asusu da sunan kamfani.

Wasu dattawanmu sun ce ko an ba su ba za su karɓi bashin ruwa ba. Mun girmama wannan, mun kuma fara tattaunawa da bankunan da ba sa mu'amala da ruwa kan sayo injina ta hanyar murabaha, wato banki ya sayi injin ya sayar maka da shi a kan ribar da aka daidaita. Maganar ba ta kai ƙarshe ba tukuna.

A watan Yuni aka sa hannu kan sababbin dokokin haraji da za su fara aiki 1 ga Janairun 2026. A da, sabuwar masana'anta kan samu hutun haraji na shekara uku, a ƙara mata har ya kai biyar. Yanzu kashi 5 cikin ɗari na abin da ka kashe kan injina da gini za a riƙa rage maka daga haraji duk shekara, tsawon shekara biyar. A ganin kwamiti tsarin ya fi adalci, domin sai ka zuba jari za ka amfana. Sai dai an gindaya mafi ƙarancin jari, wanda ya fi ƙarfin yawancinmu. Mun shirya bita a kai, zauren ya cika.

Wuta kuwa, kowa ya san inda take yi masa ƙaiƙayi. Tun Afrilun 2024 da kuɗin wutar rukunin A, wato masu samun wuta awanni mafi yawa, ya haura naira 200 kan kowane yunit, masu narka roba da masu casar shinkafa suka rage awannin aiki. Abin da muka rubuta wa gwamnati shi ne, rangwamen haraji ba ya amfanar masana'antar da ba ta cin riba. Kano ta yi zamanin masaƙu da majemu, kuma rashin wuta na cikin abin da ya durƙusar da su. Mun roƙi a hanzarta bututun iskar gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar tun 2020, a kuma ja reshensa zuwa unguwannin masana'antu.

Mun kai ziyara tashar tsandauri ta Dala da ke Zawaciki domin masu fitar da fata da riɗi.

Kuɗin wata ya ja baya ƙwarai, ma'aji zai karanto lissafi bayan wannan. Wanda bai kawo takardunsa ba, akanta yana nan ranar Asabar bayan Azahar. A zo da littafin ciniki ko da na hannu ne.

Sakataren ƙungiya