Sanarwa kan zaman ranar Juma'a game da faɗan samari

Assalamu alaikum iyayenmu da ƴan'uwa mazauna Makka. Tun bayan faɗan da samari suka yi a filin ƙwallo makon jiya, har aka fasa wa yaro ɗaya kai, wasu dattawa suka ce a kai su su ga gidan yari don su tsorata. Muna roƙon a dakata, domin an gwada wannan dabarar a Amurka, kuma bincike ya nuna yaran da aka kai sun fi faɗawa cikin laifi daga baya. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2015 ya ƙarfafa horar da iyaye da koya wa yara danne fushi. A kan wannan za mu zauna ranar Juma'a bayan sallar Isha'i, kuma muna so iyaye mata su halarta.