Kafin a Sayi Kwamfuta, a Fara Zana Taswirar Bayanai

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in tofa albarkacin bakina a kan yawan labaran da muke ji na ƙaddamar da sabbin manhajoji a ma'aikatun gwamnati, inda ake yanka kyalle ana tafi, amma bayan wata shida sai ka tarar an koma kan fayil da biro. Na shafe shekaru ina aiki a sashen adana bayanai, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Masana fannin tsara ginin fasahar ma'aikatu suna kallon kowace babbar ma'aikata kamar bene mai hawa huɗu. John Zachman, wanda ya yi aiki a kamfanin IBM, ya fitar da nasa tsarin a 1987, sannan a 1995 aka fito da wanda ake kira TOGAF, kuma shi ne ya yaɗa wannan rabo na gida huɗu. Hawa na farko shi ne aikin kansa: me ma'aikatar take yi, wa yake sa hannu, takarda daga wane tebur take zuwa wane tebur. Na biyu shi ne bayanai, wato abin da ake rubutawa, yadda ake rubuta shi, da wanda ke da alhakin gyara shi. Na uku manhajoji ne, na huɗu kuma na'urori, daga kwamfutoci da wayoyin sadarwa har zuwa wutar da za ta riƙe su.

Mu a nan daga hawa na huɗu muke farawa, domin shi ne ake gani da ido, shi ne kuma yake da kwangila. Hawa na biyu ba a ɗaukar hotonsa, don haka ba wanda ya damu da shi, alhali a nan ciwon yake.

Bara na raka kawuna, tsohon malamin firamare, bin sawun haƙƙinsa na ritaya da ya maƙale. A wani rumbun bayanai sunansa Muhammadu, a wani Mohammed, a na uku kuma an taƙaita shi zuwa Moh'd, sannan ranar haihuwarsa a wuri guda 1 ga Janairu ce, irin wadda ake lanƙaya wa duk wanda bai zo da takardar haihuwa ba. Yarinyar da ke kan tebur ta juyo mana da fuskar kwamfutar ta ce, "Baba, a wurin na'ura ku mutum uku ne." Ba laifinta ba ne, kuma ba laifin na'urar ba ne. Tun farko ba a zauna an yanke cewa ga rumbu ɗaya da ke riƙe da sahihin sunan mutum ba, wanda sauran za su riƙa ɗebowa daga gare shi. Sai da muka yi rantsuwa a kotu, muka yi sawu biyar, kafin dattijon ya koma mutum ɗaya.

Abin da ya faru da shi ƙaramin hoto ne na ƙasa baki ɗaya. An kafa hukumar NIMC, mai ba da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, da dokar 2007, aka kawo lambar BVN ta bankuna a 2014, ga rajistar layin waya, ga katin zaɓe, ga lasisin tuƙi, ga fasfo, kowanne da nasa ɗaukar hoto da dangwala yatsa. Da aka ba da umarnin haɗa layukan waya da lambar NIN a Disambar 2020, dogayen layukan da muka gani a cibiyoyin rajista, ana tsakiyar annobar korona, kuɗin gyaran ginin da aka yi ba tare da taswira ba ne talaka ya biya da ƙafarsa.

Ba wai ba a san hanya ba. Ƙasar Estoniya tun 2001 take amfani da X-Road, wata gada da ke ba rumbunan hukumomi damar magana da juna, bisa ƙa'idar cewa gwamnati ba za ta tambayi ɗan ƙasa abin da ya riga ya ba ta ba. Mu ma hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, ta fitar da kundin tsarin gine-ginen fasahar gwamnati a 2019, kuma an sa hannu a dokar kare bayanan jama'a a 2023. Sai dai irin wannan gada ta rumbunan hukumomi tana buƙatar tsaro a kowane hawa, a san wanda ya buɗe fayil ɗin wane da lokacin da ya buɗe, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Roƙona gare ka, Edita, shi ne duk lokacin da aka gayyaci wakilanku bikin ƙaddamar da wata manhaja, su tambayi shugaban ma'aikatar abu biyu: daga wane rumbu manhajar take ɗebo sunan mutum, kuma idan aka sami kuskure a sunan, ofishin wa za a je sau ɗaya a gyara shi ko'ina.

Na gode.

Mai karatunku,
Wani ma'aikacin adana bayanai, Kano