Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ya ci mu tara don mun ƙi biyan ɓarawo

Zuwa ga Babban Manaja,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa. Ni ne mai riƙe da littafin kuɗi a wani shagon sarin shinkafa da man girki da tumatirin gwangwani a Aboabo, nan Kumasi. Shekara da shekaru muna ɗaukar kaya daga sitonku na Tema, ba a taɓa jin kanmu da ku a kan kuɗi ba. Takardar Turanci tana ofishinku. Wannan ta Hausa na rubuta ta ne don 'yan kasuwar Zango da ke hulɗa da ku su karanta, tunda kun ƙi gaya musu abin da ake ciki. Abin da ya tunzura ni kuwa maganar da jami'inku na sashen karɓar bashi ya yaɓa mini ce ranar Juma'a 21 ga Fabrairu, zan kuma kawo ta yadda ya faɗe ta.

Ranar 4 ga Fabrairu imel ya shigo akwatin shagonmu da sunan jami'in cinikinku da muka saba da shi. Wai masu binciken kuɗi sun rufe asusunku na banki na ɗan lokaci, don haka a tura kuɗin kaya cikin sabon asusu kafin ƙarfe huɗu na yamma, in ba haka ba motarmu ta rasa layin lodi. Yarinyar da ke taya ni aiki, ɗiyar ƙanwar Alhaji mai shagon, ita ta fara cewa, "Kawu, zo ka gani." Sunan da ke sama na mutuminku ne. Amma da ta latsa sunan, sai adireshin da ke ɓoye ƙarƙashinsa ya fito: inda sunan kamfaninku ke da harafin m an sa r da n manne da juna, kuma ya ƙare da .com, alhali naku da .com.gh yake ƙarewa. A waya da wuya mutum ya lura, domin suna kawai take nuna maka. Ta danna wurin ba da amsa, ba don ta aika ba, don ta ga inda amsar za ta nufa, sai ga wani adireshi daban na Gmail. Asusun da aka ce mu zuba kuɗin kuma da sunan mutum yake, ba kamfani ba.

Ba mu amsa ba, ba mu kuma goge ba. Mun naɗe saƙon yadda yake muka maƙala shi cikin sabon imel, don bayanan hanyar da ya biyo kada su ɓace, muka aika wa sashenku na kula da abokan ciniki. Na'ura ta amsa cewa za a tuntuɓe mu cikin awa 48. Mun kira 292, layin kai rahoto na Hukumar Tsaron Intanet ta Ghana, wadda dokar 2020 mai lamba 1038 ta kafa, aka ɗauki bayaninmu. Ku masu sunan da ake damfara da shi, shiru.

Bayan 'yan kwanaki wani saƙon ya sake zuwa, wannan karon da abin da aka kira takardar biya, amma sunan fayil ɗin da .html ya ƙare, ba .pdf ba. Irin wannan in ka buɗe shi shafi yake kawo maka mai kama da na shiga imel, ka zuba kalmar sirrinka da hannunka, 'yan sakawa, wato 'yan damfarar intanet, su kwashe. Shi ma mun tura muku. Na'urar nan dai ta sake yi mana alkawarin awa 48.

Na ranar 13 ga Fabrairu shi ya tayar mana da hankali. Daga adireshinku na gaskiya ya fito, harafi da harafi muka duba. A ƙarƙashin tsohuwar hirarmu da jami'inku ya shigo, ɗauke da lambar takardar biyanmu, da lambar motar da za ta yi lodi, da kuɗin daidai, sidi 86,400. Lambar asusu kaɗai aka canza. Yallaɓai, ba sai mutum ya yi karatun kwamfuta ba zai gane ma'anar wannan. Wani na zaune cikin akwatin imel ɗin ma'aikacinku yana karanta wasiƙunku. Yawanci yadda ake yi ke nan: ma'aikaci ya faɗa tarko ya ba da kalmar sirri, ɓarawo ya shiga ya yi likimo, ya saita akwatin yadda duk saƙon da ya ambaci kuɗi ko asusu zai karkata zuwa inda mai akwatin ba zai gani ba. Daga nan tambaya ta imel ba ta da amfani, don ɓarawon ne zai amsa maka cewa komai lafiya. Hanya ɗaya ta rage, a kira lambar da aka sani tun da, a ji muryar mutum. Mun kira layin ofishinku ya yi ta ƙara har ya gaji. Jami'in cinikin ya ɗauka sau ɗaya ya ce yana taro, zai kira. Alhaji ya ce da ni, "Malam, kuɗin nan ba ya motsi sai wani daga cikinsu ya karanto mini lambar asusu da bakinsa."

To ranar 21 ga wata, ƙarfe 11:20 na safe, muna shirin rufe shago mu tafi masallaci, sai ga kira daga gare ku. Ashe kuna da waya in maganar karɓar kuɗi ce. Jami'inku ya ce mun wuce wa'adi, an ɗora mana tarar kashi 5 cikin ɗari, sidi 4,320, an kuma dakatar da kayanmu. Na yi masa bayani tun daga farko. Ya yi dariya ya ce, "Imel ɗinmu lafiyarsa ƙalau. Ku mutanen Zango in ba ku da kuɗin biya ku faɗa, ku daina laɓewa bayan kwamfutar da ba ku iya ba." Na haɗiye na ce, to don Allah ka karanto mini lambar asusunku yanzu, kafin a tashi aiki kuɗinku sun shiga. Ya ce, "Tana cikin imel." Na ce, wanne daga ciki? Ya kashe waya.

Saura kwanaki kaɗan azumi aka yi mana haka, lokacin da kowace mai koko da ƙosai da mai wake da shinkafa ke neman mai da buhu, masu rabon sadaka kuma sun riga sun ba mu kuɗin kaya. Sai da muka je Adum muka sayo a hannun wasu da tsada don kada mu ji kunya. Ɓarawo yana ɗakinku, amma mu kuka biyo da sanda.

Da mu kaɗai ne da na yi haƙuri. Wata Hajiya mai shago a Asawase ta sami irin saƙon nan na ƙarshe, ita ba ta da yarinyar da za ta duba mata, kuma ko da ta duba me za ta gani, tunda adireshinku ne? Ta biya. Kafin banki ya motsa an riga an kwashe kuɗin. Da ta zo muku da kuka, kuka ce bashinku na nan a wuyanta. Mu mun sanar da ku tun 4 ga wata. Da kun aika saƙo layi biyu ga masu sarinku cewa asusunku bai canza ba, da jarin baiwar Allah nan na hannunta.

Bari in faɗi wadda ba za ta yi muku daɗi ba. Saƙonninku na gaskiya ma kama suke da na 'yan damfara. Ma'aikatanku kan turo takardar biya ta Gmail ɗinsu, ko su ɗauki hotonta su jefo ta WhatsApp. Direbobinku kan ba da lambar momo, wato asusun kuɗi na waya, mai sunan mutum. Komai naku gaggawa ne, komai yau-yau. Kun saba wa mutane da biya ba tambaya, ranar da wani ya tsaya ya tambaya kuma kun ci shi tara. Watan Oktoba, da ake yekuwar tsaron intanet a ƙasar nan, ku ne kan gaba wajen aiko mana da nasiha.

Abin da muke nema: ku cire tarar nan, ku saki kayanmu, ku aiko da lambar asusunku a takarda mai tambarin kamfani da sa hannu, ta hannun direban da muka sani. Kuɗinku na banki suna jira, ko fesewa ɗaya ba a taɓa ba. Jami'in nan kuma ya ba da haƙuri a rubuce, ba ni kaɗai ba, har unguwar da ya zaga. Ku canza kalmomin sirrin ma'aikatanku, ku sa musu matakin tabbaci na biyu bayan kalmar sirri, ku binciki akwatunan da aka shiga, ku ajiye mutum mai rai da zai riƙa karɓar rahoto. Ku zauna da Hajiya a kan kuɗinta.

Sannan akwai dokar kare bayanai ta 2012 mai lamba 843, wadda ta wajabta wa duk mai riƙe da bayanan mutane ya sanar da Hukumar Kare Bayanai da kuma masu bayanan idan akwai dalilin zaton wani ya kutsa ya gan su. Lambobin wayarmu da hoton Ghana Card, katin ɗan ƙasa, na Alhaji da kuka karɓa lokacin rajista duk ta imel suka bi. Babu wanda kuka sanar a cikinmu. Ni dai zatona kun sani tun kafin saƙonmu na farko, kuka zaɓi ku rufe don kare sunanku, kuka bar ƙananan 'yan kasuwa su ɗauki asarar. In ba haka ba ne, ku fito ku faɗi ranar da kuka gano, da masu sari nawa aka aika wa saƙon. In ƙarshen wata ya yi ba amsa, ni da Hajiya za mu kai takardunmu Hukumar Kare Bayanai a Accra, saƙonnin uku kuma duk mun buga su a takarda.

Naku,
Mai riƙe da littafin kuɗi,
Aboabo, Kumasi