A riƙa neman takardar ƙwarewa kafin a ba da aikin sanyaya

Ranka ya daɗe Edita,

Ina so a ja hankalin matasan da suka gama koyon gyaran firiji da na'urar sanyaya ɗaki. Sallamar maigida ba ta isa a ba mutum kwangila a banki ko asibiti ba. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya na yin jarrabawar gwajin sana'a mataki uku: ana farawa da na 3, sai na 2, a ƙare da na 1. Akwai kuma ta NABTEB, hukumar jarrabawar kasuwanci da fasaha ta ƙasa. Daga nan sai rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da lambar biyan haraji.

Dalilin nace wa takarda shi ne gas ɗin da ake zuba wa na'urorin ya canza. Tsohon gas ɗin R22 na kan hanyar fita bisa yarjejeniyar Montreal ta 1987 kan kare sararin samaniya, kuma R600a da R290 da suka shigo suna kama wuta. Wanda bai sani ba sai ya kunna wutar walda kan bututun da bai kwashe gas ɗinsa ba. Gwajin yoyo da iskar nitirojin ake yi, ba da oksijin ba. Iskar oksijin idan ta haɗu da man kwamfuresa, fashewa take. Bayan walda a zuƙe iska da famfon bakiyum har awon matsin iska ya sauka zuwa maikiron 500, domin danshin da ya rage kan daskare ya toshe siririn bututu. Gas kuma da sikeli ake auna shi, daidai giram ɗin da ke rubuce a jikin na'urar, ba da taɓa bututu ba kamar yadda wasu ke yi.

Masu gidaje ma su riƙa cewa a nuna musu takarda.

Naku,
Wani mai gyaran na'urorin sanyaya, Kano